Ina Mamana Za Ta Riƙa Cin Abinci? Zagayen Jami'o'i Daga Samaru Zuwa Rijiyar Zaki

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025, Funtuwa

Gobe da sassafe, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki hanya, ni da 'yata da ƙanwata. Nan da 'yan makonni za a buɗe rajistar JAMB, yarinyar kuma ta kafe a kan ba za ta rubuta sunan jami'ar da ba ta taɓa taka ƙafa a cikinta ba. Kimiyyar kwamfuta take so. Sunan mahaifiyarmu gare ta, don haka Mamana nake kiranta.

Ita ajujuwa da ɗakin karatu da ɗakunan kwana za ta duba. Ni aikina daban. Tun tana aji biyar likita ya ce tana da gyambon ciki, ya hana ta zama da yunwa, ya ce ta yi nesa da yaji mai yawa da abu mai tsami. A gida uwarta na tsaye a kai. To a makaranta fa? Ranar Talata, an fito lacca ƙarfe biyu, za a shiga wata ƙarfe uku, kuɗin aljihu ya ja baya, ina za ta nufa? Amsar nan nake so in dawo da ita a rubuce, gari-gari.

Duk inda muka ci zan rubuta nisansa da ɗakin kwanan mata a ƙafa, ƙarfe nawa ake sauke tukunya, ƙarfe nawa take ƙarewa, ko a cikin miya ake zuba attaruhu ko a gefe ake ajiye wa mai so, da yadda ake wanke kwanuka. Ƙanwata ta daɗe tana abincin sayarwa kafin ciwon baya ya zaunar da ita, ita ce alƙaliyar tafiyar. Hanyar kuwa Zariya, Jos, Bauchi, Dutse, Wudil, Kano, mu dawo ta Gwarzo da Malumfashi. Ba tafiyar dare.

Litinin, 13 ga Janairu, Zariya

Ta Giwa da Shika muka shigo, cikin hazo mai kauri. Kafin ƙarfe tara muna Samaru, babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello (ABU).

Ɗaliban da muka fara tambaya inda ake samun abinci mai kyau sun dubi babbar rigata, suka tura mu wurin shawarma da soyayyar shinkafa, mai gilashi da fanka. Abincin ba laifi, amma kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da ɗaliba wuni guda. Wannan wurin kai baƙo ne. Sai ƙanwata ta ce, "Yaya, ka daina tambayar yara. Tambayi wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma kullum a nan yake ci." Na koma wajen wani dattijo mai gadi, muka gaisa, na ce, "Baba, kai ina kake cin na rana?" Ya yi dariya, ya kwatanta mana wata rumfa a kasuwar cikin makaranta da ake kira Community Market, ya ƙara da cewa mu je kafin azahar, in an idar da salla sai dai ƙanzo.

Faten tsaki muka tarar, abin da ake yi wa Zazzagawa tsiya a kansa, su kuwa ko a jikinsu. Matar ta zuba shi yana tururi, tsakin masara ya narke da alayyafo da gyaɗa, gauta ta fashe a ciki, ga ɗan ƙashi a tsakiyar kwano. Ƙanwata ba ta fara ci ba sai da ta zagaya bayan rumfar. Ta dawo ta raɗa mini cewa robar wanke-wanke uku ce, ta ƙarshen ruwanta garau. Sannan ta tambayi matar ko kullum take sa yakuwa. Ta ce, "Hajiya, tukunya biyu nake ɗorawa, mai yakuwa da mara yakuwa. Masu olsa sun yi yawa a makarantar nan." Wannan amsa ita ce abu mafi tsada da na rubuta yau.

Da muka zauna sai na ba Mamana labarin da ba ta sani ba. A da jami'a ce ke ciyar da ɗalibai da tikiti. A watan Afrilun 1978 ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ne ya tayar da zanga-zangar "Ali Must Go", lokacin Kanar Ahmadu Ali na kwamishinan ilimi na tarayya, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da nan Zariya. A 1984 gwamnatin soja ta cire hannu daga ciyarwar. Tun daga lokacin cikin ɗalibi ya koma hannun mata irin wannan mai fate. Mamana ta ce, "Abba, ni fa ba cin abinci zan zo yi ba." Gwaggonta ta ce, "Wanda bai ci ba ai ba ya gane karatu, ci ki tashi."

Da yamma muka fita ta North Gate muka bi layukan Samaru. Mai ɗan wake na fitowa bayan la'asar, mai awara na gefenta, su biyun a gefe suke ajiye yaji. Ina kallon waken ina tuna cewa tsallaken nan ne cibiyar binciken aikin gona take, wadda ta samo asali tun 1922, shekara 40 kafin a kafa jami'ar a 1962. Duk manomin Funtuwa ya san irin masara na SAMMAZ da na wake SAMPEA, daga nan suka fito. Ba mu leƙa ɗaya harabar ta Kongo ba, tunda ba lauya ko aikin mulki za ta karanta ba.

Talata, 14 ga Janairu, hanyar Jos

Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa, Saminaka, Jengre. Hanya mai tsawo, masara jibge a bakin titi wajen Saminaka.

A wani gari da ba zan ambata ba muka tsaya a wani gidan abinci mai ƙaton allo da hoton kaza. Babu mota ko ɗaya a gabansa, mu ne kaɗai. Ƙanwata ta kai cokali ɗaya baki ta ajiye, ta ce shinkafar jiya ce aka ɗumama, miyar kuma an ƙara mata ruwa da magi. Muka biya muka fito. Gaba kaɗan sai ga tireloli jere a gindin wata bishiya, direbobi sun baje a kan benci. Tuwon masara miyar kuɓewa busasshiya, da man shanu ga mai so. Direban da ke bin hanya duk mako ba ya komawa inda cikinsa ya taɓa ɓaci, shi ya sa jerin manyan motoci ya fi mini kowane allo. Na rubuta wurin da alamar bishiyar da masallacin da ke kusa, don ko suna ba shi da shi.

Mun shiga Jos ta Farin Gada rana na shirin faɗuwa. Sanyi ya sa Mamana ta ciro rigar da ta rantse ba za ta buƙata ba.

Laraba, 15 ga Janairu, Jos

Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a watan Janairu jiki na shaida haka. Abinci na hucewa kafin ka kai rabin kwano, yunwa kuma na dawowa da wuri. Ga mai gyambon ciki wannan abin lissafi ne.

Jami'ar ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Tana da harabar Bauchi Road da ta Naraguta, ɗakunan kwana kuma a warwatse suke, akwai Village, akwai Abuja, akwai Naraguta. Ke nan inda ɗaliba ta kwana ba lallai nan za ta wuni ba, sai ta san wurin ci biyu. A ɓangaren Bauchi Road abin ya zo da sauƙi, Unguwar Rogo na maƙwabtaka, akwai masu tuwo da masu shayi da mahauta da mutum ya san yankansu. A Naraguta sai da muka yi tambaya. Wata mai shara a ɗaya daga cikin gine-ginen, ba Bahaushiya ba ce amma Hausarta ta fi tawa gudu, ta raka mu da kanta har rumfar da take ci. Tun kafin in buɗe baki a kan nama ta ce, "Alhaji kada ka damu, daga mahautan Hausawa take saya, Musulmi da Kirista duk a nan muke ci." Na ji daɗin yadda ta sauƙaƙa mini tambayar.

Gwaten acca muka ci. Ɗan'uwan fate ne, sai dai ya fi shi ruwa-ruwa, acca kuma ba ta da nauyi a ciki. Matsalar ita ce tsami, don yakuwa ce ransa, kuma nan tukunya ɗaya ce. Mamana ta sha kaɗan ta koma kan dafaffen dankalin turawa da miyar ƙwai. Kunun tamba ma ya karɓe ta.

Abin da ya tafi da hankalin ƙanwata shi ne kasuwar Farin Gada, wadda ba ta da nisa da Naraguta. Kabeji, karas, koren wake, latas, dankalin Bokkos da Mangu buhu-buhu. Ta tsaya tana taya kaya kamar mai shirin buɗe shago, sai da na ja ta. Hukuncinta: ɗalibar da za ta riƙa girki da kanta, ba ta ga inda ya kai Jos ba. Wadda za ta dogara da saye kuwa sai ta yi haƙuri da zirga-zirga. Na san 'yata, ranar da karatu ya yi zafi ba za ta kunna risho ba.

Bayan azahar muka gangara ta Tilden Fulani da Nabordo, muka kwana Bauchi.

Alhamis, 16 ga Janairu, Bauchi

Kowa ya ji za mu Bauchi sai ya ce masa. Ni kuwa tsoronta nake ji, saboda ƙullun masa kwana yake yi ya tashi, abin da ya tashi kuma tsami gare shi. Mai masaukinmu ya ce mu bi wani ɗan acaɓa da ke kai yaransa makaranta, shi ya san wadda ake layi a kanta a wajen Yelwa. Ana idar da asuba muka bi bayansa.

A ƙofar gida take, ba rumfa ba allo, murhu uku a jere, kowanne da tandar ƙasa da ta yi baƙi ƙirin don daɗewa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, roba cike da ƙullu a damanta. Ta ɗiga mai a kowane gurbi, ta bi da ludayi, kafin ta cika na ƙarshe na farko ya fara huda ƙananan ƙofofi a sama. Sai ta sa wani siririn cokali ta juya shi da ɗan bugu ɗaya, gefen ya yi ja, tsakiyar fari sol. Ba ta kallon tandar ma, tana amsa gaisuwa tana ƙirga wa yara canji. 'Yarta na gefe tana zuba miyar taushe, kabewa da gyaɗa da alayyafo, ga tantaƙwashi a wata tukunya ga mai hali.

Ƙanwata ta durƙusa kusa da ita, suka shiga zancen sana'a. Daga nan na samu abin rubutawa. Farar shinkafar tuwo take jiƙawa, ta dafa wani kaso ta haɗa kafin a kai niƙa, ta sa yis, ƙullun ya kwana. Da asuba takan ɗiga ruwan kanwa ta kashe tsamin. Amma ƙullu ba ya tsayawa, yana ci gaba da tashi muddin rana na ɗagawa. "Mai ciwon ciki ta zo da sassafe," in ji ta. "Ta ƙarfe goma ba tata ba ce." Mamana ta ci biyar da miya, ba yaji, har muka bar garin ba ta dafe ciki ba.

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa an kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, aka mayar da ita ƙarƙashin ABU a 1984, ta dawo da cin gashin kanta a 1988. Harabar Yelwa a cikin mutane take, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji ba nisa, don haka unguwar duk ta ɗalibai ce, masu abinci kuma sun san aljihunsu: garau-garau, taliya da mai, dambu da zogale, kunun gyaɗa da yamma. Harabar Gubi kuwa tana can wajen gari a kan hanyar Ningi, wadda dama ita ce hanyarmu. Mun shiga mun zagaya. Akwai rumfunan abinci, amma ba unguwar da mutum zai fita ya zaɓa, abin da ke ciki shi ne abin da ke akwai. A littafina Bauchi shafi biyu ta ci, Yelwa daban, Gubi daban, don rayuwa biyu ce.

Na so mu tsaya kabarin Tafawa Ɓalewa, lokaci bai bari ba. Ningi, Birnin Kudu, muka isa Dutse da la'asar sakaliya.

Juma'a, 17 ga Janairu, Dutse da Wudil

Jami'ar Tarayya ta Dutse na cikin waɗanda aka kafa a 2011, garin kuma shiru, ba hayaniya. Wani direban bas ɗin ɗalibai ya nuna mana mai shinkafa da wake kusa da ƙofa, mai da yaji a kwalabe daban, kowa ya zuba da hannunsa. Da salak da dafaffen ƙwai. Tsaf, ba abin kushewa, sai dai zaɓin bai da yawa, ɗaliba za ta maimaita abu ɗaya sau da dama a mako. Na sayi dabinon Dutse, ƙanwata ta ce a riƙa ajiye irinsa a jaka, ko lacca ta ja ba za a zauna da ciki wayam ba.

Wudil ranar Juma'a ranar kasuwar shanu ce, motocin dabbobi sun cushe hanya tun kafin gada. A nan muka yi sallar Juma'a. Jami'ar kimiyya da fasahar da ke garin, wadda aka buɗe a 2001 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, mun leƙa ta a gurguje. Soyayyen kifin bakin gada da balangun ranar kasuwa sun yi daɗi ƙwarai, amma na rubuta su a shafin baya, inda nake tara abincin uba in ya zo ziyara. Ba su ne abincin ranar Talata ba.

Asabar, 18 ga Janairu, Kano

Tsohuwar harabar Bayero na cikin gari kusa da Kabuga, amma sashen kwamfuta yana sabuwar haraba a kan titin Gwarzo, don haka can muka nufa. Makarantar ta fara a 1960 a matsayin kwaleji, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Sabuwar harabar faɗi gare ta, tafiya daga aji zuwa wurin abinci ma aiki ce a cikin rana.

Coke Village nan ne cibiyar ciye-ciye, shaguna a jere, daga mai tuwo har mai indomi. Da yake Asabar ce wasu a rufe suke, layin da ake yi ranar aiki ma ban gan shi ba, saboda haka abin da na rubuta a nan rabi ne. Wani mai gyaran takalma da ya ce ya fi shekara goma a wurin ya lissafa mana masu sauke tuwo da rana da masu kaiwa dare, ya ce in ana son ɗan wake na gaske a tsallaka Ɗanbare da safe.

Gurasa bandashe muka ci a Rijiyar Zaki. Mai sayarwar ya tsoma gurasar a ruwa ya jera a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, ya kwarara man gyaɗa, ya yanka albasa da tumatir da kabeji. Sai dai yajin a cikin ƙulin yake tun daga gida, ba a raba su. Da Mamana ta ce a rage, sai ya ce, "Hajiya ƙarama, in an cire yaji ai ba bandashe ke nan ba." Gaskiyarsa. Ta ci da shayi, mu muka cinye bandashen.

Kano na da abin da sauran ba su da shi, wato 'yar'uwar uwarta da ke aure a Ɗorayi. Kwanon gida ko sau ɗaya a mako ba ƙaramin abu ba ne. Mamana kuwa wannan ne ma abin da ya rage mata son Kano, ta ce ido zai yi mata yawa. Mun shiga cikin birni mun sayi kilishi a Agadasawa don tsaraba.

Lahadi, 26 ga Janairu, Funtuwa

Mako guda ke nan da dawowa, yau na samu zama na juye littafin a waya. Da na jera shafukan sai na lura cewa duk wurin da ƙanwata ta yi wa maki mai kyau, mai gadi ne ko mai shara ko direba ko ɗan acaɓa ya nuna mana shi, kuma kusan duk ba su da allo. Na gwada neman su a taswirar Google, ko ɗaya bai fito ba. Don haka kwatancen nawa ya koma irin na da: bayan masallaci, gefen mai cajin waya, kafin azahar. Maƙwabta biyu da 'ya'yansu za su cike fom bana sun karɓi kwafi, ɗayansu ya ce zai ƙaro mana Sakkwato in ya je.

A lissafin ciki, Samaru da Yelwa ne a gaba, saboda ɗaliba za ta samu abinci mara yaji da ƙafarta sau uku a rana ba tare da ta hau abin hawa ba. A lissafin Mamana, Zariya ce ta ɗaya tun da ta shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ta ƙi fitowa. Uwarta na goyon bayan Zariya don kusa ce, ko miya aka yi za a iya aikawa a motar haya ta isa da ɗuminta.

Saura Katsina da Dutsin-Ma, sai komawa sabuwar harabar Bayero a ranar aiki don in cike rabin shafin nan. Dole a yi su a cikin Fabrairu, domin azumi zai kama a farkon Maris, masu abincin rana duk za su koma na buɗa-baki, lokutan da zan rubuta ba za su yi amfani ba. Ƙanwata ta ce bayanta ba zai ɗauki wata doguwar tafiya ba sai ta huta, don haka mun sa Litinin, 10 ga Fabrairu.